Gogen Baba Nomau

Shekara talatin da ɗaya yana rataye a rumbu,
cikin buhun siminti, bayan damman gero.
Ran da aka yi wa Baba baftisma a gulbi
ya ce hannun da ya kira iskoki
ba zai ƙara taɓa izga ba.
Mun tashi ba mu san muryar gogen ba,
sai a bakin tsofaffin Tibiri:
"Ke ce ɗiyar Nomau? Wanda in ya ja
mata ke manta tulu a bakin rijiya?"

Bana aka kira taro a Maradi,
kwana uku, tsakiyar damina,
kowace ikilisiya ta zo da abin hannunta.
Matan Danja da tulunan kiɗa,
'yan matan Gidan Rumji da rawar da suka yi wata biyu suna gyara,
wani yaron Tasawa ya zana Tekun Galili a ƙyalle
ya sa masa kwalekwale irin na Madarunfa.
Wata tsohuwa faifai uku kawai ta kawo,
ta ce kowane zagaye na saƙar addu'a ce.
Mu wasan kwaikwayo ne rabonmu:
ɗan da ya cinye gadonsa ya komo gida.

Ni na ɗinka tsummokaran.
Istifanus ne ɗan maraƙi, cikin bargo, yana gumi.
Wurin biki ake son kiɗa,
ga mai fiyanonmu masassara ta kayar.
Na hau kabukabu, laka har gwiwa.
Baba ya daɗe yana kallon kaji.
Ya ce, "Bayan labule.
Kada kowa ya faɗi sunana."

Fatar guza ta bushe, ƙwaryar ta yi tsaga.
Ya hura mata numfashi, ya shafa ƙaro a izga,
yatsun da fartanya ta tanƙware
suna laluben hanya kamar baƙo da dare.

Ɗan ya komo, uban ya ruga, aka rungume.
Sai Baba ya ja.

Ban san majami'a na iya yin shiru haka ba.
Jariri ya saki nono.
A layi na uku Dattijo Barmo ya miƙe,
ya ɗauki hula, ya ɗauki sanda.
Ya san wannan kukan.
Da shi uwarsa ke faɗuwa a tsakar gida
ta tashi da muryar da ba tata ba.

A kan dandali Filibus, babban wa,
ya harɗe hannu a ƙofar kwali, ya ƙi shiga biki.
Can baya Barmo ya kai ƙofar ƙarfe.
Mai wasan uba ya manta maganarsa,
ya tsaya hannu a buɗe
bai san wace ƙofa zai fuskanta ba.

Hadari ya sauko a kan kwano.
Baba, da ba ya ganin kowa,
ya sassauta hannu, ya juya kiɗan
zuwa waƙar da aka rera a bakin gulbi ran nan,
ran da Barmo ne ya riƙe masa riga
har ya fito daga ruwa.

Matan Danja suka ɗauka a tulu, a hankali.

Barmo bai koma kujerarsa ba.
Bai kuma fita ba.
Ya tsaya a bakin ƙofa, feshi na jiƙa masa baya,
leɓensa na motsi.
Ko waƙa ce, ko gardama da Ubangiji,
ban matsa kusa ba.

Da aka tashi ba su yi doguwar magana ba.
"Ya ɗan sauka," in ji Barmo, "izgar ta saki."
Baba ya ce, "Ta tsufa. Kamar mu."

A motar komawa gogen na kan cinyarsa, a fili.
Buhun kuwa mun baro shi Maradi,
na ga wani ya rufe sirdin babur da shi.